Kwalaye Huɗu na Firisila

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Zuwa ga Hajiya Ummusalma, Dilimi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ki gafarce ni a kan damun ki da zan yi da waɗannan takardu, alhali ba ni da wani hakki a kan lokacinki. Ni ne Natana'el Gyang, mijin Firisila, wadda kuka yi rumfar ɗinki tare a kasuwar Taminus kafin gobara. An ce mini kin ji abin da ya faru, don haka ba zan maimaita shi ba.

Akwai bargon ƙyallaye da ta fara domin jikanmu na fari, wanda 'yarmu Hosana za ta haifa a farkon Satumba in Allah ya yarda. Na kasa ƙarasa shi, kuma ke kaɗai ce ke da abin da ya rage. Sau uku na zauna rubuta miki wasiƙa, kowace ta fito tana wanke ni. Shi ya sa na yago shafukan nan daga littafin da nake rubuta al'amuran yinina, ban gyara ko harafi ba. Roƙona yana ƙarshe.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe shida da minti goma na safe

Kwana biyar ke nan Firisila tana asibiti. Gefen dama bai motsa ba tukuna, magana ma ba ta dawo ba. Likita ya ce a yi haƙuri. Jiya ta sha kunu cokali huɗu.

Da na zo gida ɗaukar mata zane, na buɗe kwandon ɗinkinta na ƙirga. Uwa arba'in da takwas, an yanke, an jera, an ɗaure da tsumma. 'Ya ko ɗaya babu. Haka take kiran su. Kowane gida na bargon murabba'i ne mai ƙyalle biyu: uwa ita ce wadda aka ƙwaƙule mata kusurwa ɗaya, 'ya kuma ita ce yankin da'irar da ke shiga gurbin. Gida huɗu in sun haɗa kai sai da'ira ta cika. Da'ira goma sha biyu ke nan a bargon.

Uwayen ta yanke su ne daga zannuwan marigayiya mahaifiyarta da tsohon zanenta na Zumuntar Mata, babu ragowar ko tafin hannu. Farin yadin 'ya'yan yana nan a ninke, almakashi bai taɓa shi ba tun watan Mayu.

Na ƙudura zan fitar da kwalin yankan 'ya a kwamfuta, matan Zumunta su yanka su ɗinka, in kai mata ta gani a kan gadonta. Ba aiki ne mai wuya ba. Na taɓa yin sa.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

An kawo wuta, na yi aiki awa biyu.

Ƙasidar da na koyi zane da ita a bakin titi na saye ta a Taminus, bara, bayan na yi ritaya daga aikin sito. Shafi arba'in da takwas ce, na talatin da ɗaya da na talatin da biyu babu su. Ban zauna gaban malami a kan wannan ba, kamar yadda ban zauna a kan gyaran rediyo da kiwon zomo ba, kuma duka na yi su.

Shafi na sha huɗu ya ce lanƙwasa mai kyau ba ta son ɗigo da yawa. Ɗigo biyu sun isa rubu'in da'ira, ɗaya a farkon layi, ɗaya a ƙarshensa, kowanne da hannunsa da ake ja da linzamin kwamfuta. In hannun ya yi tsawo layin ya kumbura, in ya gajarta layin ya lotsa. Ban yarda da ja da ido ba, lamba nake shigarwa. Daga kusurwa zuwa layi milimita 90. Tsawon kowane hannu milimita 49.7. Sannan na kewaye shi duka da bakin ɗinki, milimita 6. Na ƙara girman zanen a allo har ɗigo ɗaya ya kai girman ƙwai, na bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ban ga ƙaho ko karaya ba.

Na gaya mata da rana. Na ce, "Maman Hosana, 'ya'yanki suna hanya." Ta dube ni, sannan ta mai da ido ga taga. Ana ruwa.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai zanen shagon Ejiofor mai buga takardu, a bayan tashar motocin Taminus. Ya buɗe a manhajarsa ta zane, Korel, ya ce, "Oga Nat, wannan layi ya yi kilin. Masu digiri ma ba ya yi haka. Madam zai so shi." Na ce ya buga a daidai girmansa, kada na'ura ta rage ko ta ƙara. Ya ce, "Oga, shekara ashirin ina nan, ka taɓa ji na rage wani abu ban da farashi?" Na tsaya a kansa duk da haka har ya buga.

Na liƙa a kan kwalin sabulu, na yanke da sabuwar reza.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Cokali uku. An yi mata addu'a a coci, an karanta sunanta ba daidai ba.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mama Abigel, shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu, ta zo ta zauna a keken ɗinkin Firisila. Na roƙi ta fara gwadawa da tsohon zanin gado, kada a taɓa farin yadin. Ta yanke 'ya ɗaya da kwalina. Na nuna mata cewa bakin 'yar ya fi bakin uwar tsawo, ko an yi kuskure. Ta yi dariya.

"Baban Hosana, kwamfutarka ta taɓa riƙe allura? Ai kullum bakin 'ya ya fi. A layin ɗinki suke haɗuwa, ba a layin yanka ba."

Ta soka fil a tsakiya da gefe biyu, ta ɗinka a hankali. Ta buɗe gidan, ta shafa shi a cinyarta. Ya kwanta sumul. Na ji daɗi ƙwarai, na ma fara lissafin ranar gamawa.

Ta ɗauki uwa ta biyu. Wannan ta tattare a wuri ɗaya, kamar fatar gwiwar hannu. Ta uku ta bar rami da yatsa zai shiga. Mama Abigel ta cire tabarau, ta ce, "Hannuna ne ko kwalinka, ban sani ba. Amma zanen nan ya tsufa. In na farke sau ɗaya zai yarda, na biyu zai yage, kuma ka san ba mu da wani."

Ta farke su ukun da kan allura, zare ɗaya-ɗaya. Na riƙe mata fitilar waya.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Wata baƙuwa ta zo asibiti wajen ƙarfe huɗu. Na hango ta tun daga matakala, na tare ta a baranda kafin ta kai ƙofar ɗakin. Na ce likita ya hana baƙi. Ta ce, "Ko minti ɗaya, Baban Hosana? In gan ta kawai, ba zan yi magana ba." Na ce tana barci.

Tana riƙe da filas, da baƙar leda mai wani abu faffaɗa a ciki an naɗe da ɗankwali. Ta miƙo mini duka biyun. Na karɓi filas ɗin don kunya, na ce abinci kam ta koma da shi, ba ta iya taunawa. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai na dubi agogo. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta sauka.

Na koma ɗakin. Matan Zumunta biyar na bakin gado suna waƙa ƙasa-ƙasa. Idon Firisila biyu.

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka tashi daga Dilimi, bayan rikici. A bayan motar kaya na yi wa kaina alkawarin na gama da unguwar da mutanenta, kuma ni mutum ne mai riƙe alkawari. Ba zan rubuta komai a kan ƙanena Badung a wannan littafi ba.

Kunun filas ɗin ta sha cokali tara.

Juma'a, 18 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na zargi na'urar Ejiofor. Na zana murabba'in gwaji mai milimita 50 a gefen takardar, kamar yadda shafi na arba'in ya koyar, na sa ya sake bugawa, na auna a gabansa da rula biyu. Hamsin cif. Ya ce, "Oga, yanzu ka nemi gafarar firinta na." Na nemi tasa. Ya ƙi karɓar kuɗin bugun, ya ce in gai da madam.

To, ba na'ura ba ce. Ba hannun Mama Abigel ba ne. Layina kuma daidai yake, na sake duba lambobin sau uku.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na sauya dabara. Tunda uwayen suna nan, su za su faɗa mini siffar 'ya'yansu. Na goge guda biyar da dutsen guga, na ɗauki hotonsu a sikanar Ejiofor, na sa kowane hoto a ƙarƙashin zanena, na bi bakinsa da alƙalamin manhajar, ɗigo bayan ɗigo. Kowace uwa na ba ta launinta. Na ɗora layukan biyar a kan juna.

Biyu sun kusa haɗuwa. Uku kowanne ya kama hanyarsa. A wani wuri bambancin ya kai milimita bakwai.

Yadi in an yanke shi a karkace yana miƙewa, Mama Abigel ta faɗa mini. Wataƙila shi ne. Wataƙila kuma idonta ne ya fara rauni tun kafin wannan, ban lura ba. Na fi son in yarda da na farko.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

An sa mata bututu ta hanci. Babu ƙirgar cokali daga yau.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Na kai mata kwamfutar asibiti, na ɗora a kan matashi, na nuna mata rubu'in da'irata, na haɗa huɗu suka ba da cikakkiya. Na ce, "Dubi, Maman Hosana, ko wata daren sha huɗu bai kai ta ba."

Ta ɗaga yatsan hagu ta fara zagayawa a kan zanin gado. Ta zagaya, ta zo wani wuri ta shiga ciki kaɗan, ta fita, ta ƙarasa. Ta sake. A wuri ɗaya take shiga kowane zagaye. Na kama yatsan na zagaya da shi daidai, na ce, "Haka. A hankali hannun zai dawo."

Ta zare yatsanta. Ba ta sake ɗaga shi ba har na tafi.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe tara na dare

Ina mai da uwayen cikin kwando sai na ji ƙulli a bayan ɗaya, a kusurwa. Na juya. Ɗinki ne na baƙin zare, ƙanana guda uku a jere. Na juya wata: guda ɗaya. Wata: huɗu.

Na baje su duka a kan teburin cin abinci. Masu ɗinki ɗaya goma sha biyu. Masu biyu goma sha biyu. Masu uku, masu huɗu, haka.

Na koma kan hotuna biyar na ran Litinin. Biyun da suka kusa haɗuwa duk masu ɗinki ɗaya ne, irin wadda ta kwanta wa Mama Abigel.

Ba yadi ne ya miƙe ba. Ba idonta ba ne. Iri huɗu ne.

Na daɗe zaune. Ban je asibiti ba sai sha biyu.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Ban je coci ba. Zan rubuta abin da ya faru a watan Mayu, tunda littafin nan ba mai karanta shi.

Tana da kwalayen yanka guda huɗu na uwa, huɗu na 'ya, sun yi laushi, sun yi baƙi don riƙo, gefensu ya cinye. Ta gama yankan uwaye da su ta tafi taron mata a Bukuru. Na ɗauke su, na ɗora a kan juna, na ga ba su daidaita ba. Na ɗauka abu ɗaya ne da tsufa ya ɓata. Na auna kowanne a wuri biyu, na ɗauki matsakaici, na zana mata na gaskiya. Ban ɗauki hotonsu ba, domin ban ga abin ɗauka ba. Ranar ana sanyi, gawayi ya jiƙe, na kunna kurfoti da su.

Da ta dawo na ajiye mata sabon a kan keke. Ta ce, "Baban Hosana, ina kwalayena?" Na gaya mata, ina murmushi. Na ce ta huta da karkatattun abubuwa, wannan ko shekara ɗari ba zai sauya ba, in ya lalace a sake bugawa. Ta tsaya da hannu a kan keken. Ta ce, "Abincinka zai huce."

A watan Yuni ta ce tana so ta je Dilimi, wuni ɗaya kawai. Na tambaye ta me ta manta a can. Ta ce wani abu za ta aro. Na ce duk abin da ke can akwai shi a nan, kuma ta san matsayina. Ba ta sake tayar da maganar ba. Na yaba mata a raina da biyayya.

Na buɗe kwandon sharar kwamfuta ɗazu. Duk zanen da na share tun bara yana nan, har na farko, karkatacce, da na yi ranar da na sayi ƙasidar.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Hosana ta iso daga Lafiya, duk da mijinta da likitanta sun hana ta tafiya. Ta ga uwayen a kan tebur kashi huɗu, ta ga kwalina. Ta tambayi na mahaifiyarta. Na faɗa mata.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini. Ta ce, "Baba, ba ka san murfin ba?"

Na ce wane murfi.

"Na kwanon da suke cin abincin rana a rumfa, ita da Inna Ummu. Da shi suke zana da'ira. Bayan gobara suka je tonon toka, ina riƙe da zanen Mama. Kekuna biyu sun narke, yadi ko zare bai rage ba. Murfin kaɗai suka samu, ya lotsa a gefe ɗaya. Inna Ummu ta ce tunda shi ya ƙi tafiya, su ma ba za su bar ɗinki ba, kuma duk bargon da za su yi sai ya ɗauki lotsin nan. Murfin yana wajenta. Mama ta zana shi a kwali ta raba huɗu, in kwalin ya tsufa ta kwafa a sabo."

Na ce ba a taɓa gaya mini ba.

Ta ce, "An gaya maka, Baba. Kana gyaran rediyo." Sannan ta ce, "Je ka duba bargon da kake rufa da shi."

Na je. Na shimfiɗa shi a ƙasa na buɗe labule. Da'ira ashirin ne a jikinsa. Kowace ta lotsa a gefe ɗaya, a wuri ɗaya, daidai inda yatsan yake shiga ran Alhamis. Shekara ashirin da ɗaya ina kwana a ƙarƙashinsa.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na ɗauki hoton da'irori uku na tsohon bargon, na bi su. Wanki da audugar ciki sun ja su, kowace da nata jan. Na haɗa da layukan uwaye, sha biyu-sha biyu, na fitar da layi huɗu. Na ɗaya da na huɗu ɗigo biyu sun ishe su. Na biyu da na uku, inda lotsin yake, na sa ɗigo biyar, na sa tara, na sa sha huɗu. Duk ɗigon da na ƙara sai layin ya yi ƙaho a wurin, in ja hannu in kwantar da shi, na gaba ya tashi. Ƙasidar ta ce a rage ɗigo. Ba ta faɗi yadda ake zana abin da wuta ta lanƙwasa ba. Wataƙila yana shafi na talatin da ɗaya.

Mama Abigel ta gwada mai ɗinki uku. Ya kusa. Ta ce, "Kusa ba ta kwanciya a bayan jariri." Ta farke. Wannan uwar ta ci nata farkewa ɗaya.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na sunkuya kusa da kunnenta na ce na ga murfin a bargo, na ce na gane. Numfashinta bai sauya ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce suna ji. Ban sani ba ko kowa take gaya wa haka.

Na ɗora yatsana a kan zanin gadon na zagaya, na shiga ciki a wurin, na fita. Idonta a rufe.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Ana ruwa.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe uku da minti ashirin na rana

Ma'aikatan asibiti sun ba ni zobenta, da tabaraunta, da filas ɗin da ba namu ba, a leda ɗaya.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Matan Zumunta sun zo da anko, sun fi ɗari, sun yi waƙa tun daga coci har ƙauye. Ƙasa jiƙe take, haƙa kabarin bai yi wuya ba. An ce na yi ƙoƙari. An ce ta yi dacen miji mai kula. Mutum uku suka faɗa mini haka, na gode wa kowanne.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Baƙi sun ragu. Na kunna kwamfuta. Ɗigo sha huɗu suna nan inda na bar su.

Mama Abigel ta ba ni shawara. Ta ce a ɗora kwalina a kan uwayen a gyara musu baki duka su zama iri ɗaya, aikin kwana uku ne, bargo ya fito tas, jariri bai san murfi ba. Ta ce, "Ba don kai ba, don yarinyar nan ta samu abin uwarta kafin ta haihu." Gaskiya ta faɗa, kuma da kyakkyawar zuciya.

Na ɗora kwalin a kan mai ɗinki biyu. Na riƙe almakashi. Milimita bakwai ne kawai, siririn abu kamar bawon albasa.

Na mai da almakashin cikin kwando.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Hosana za ta koma Lafiya gobe, ƙafafunta sun kumbura. Muna shan shayi ta ga filas ɗin a kan kabad. Ta juya shi, ta ga harafin da aka rubuta a gindinsa da jan farce. Ta ce, "Ta zo?"

Na ce ta zo.

"Ta shiga?"

Na dubi kofina.

Can ta ce, "Baba, in mace ce sunan Mama zan sa mata. Ina so in naɗe ta a bargon. Amma ba a da'irarka ba." Ta ce ita za ta je Dilimi da cikin nan in ni ba zan iya ba. Na ce a'a, ni na ƙone, ni zan nemo.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na hau keke mai ƙafa uku har bakin layin su Hajiya Ummusalma, da filas a jaka. Masu gyaran mota suna nan inda suke, bishiyar mangwaron ce babu. Wani dattijo mai faci ya dube ni ya ce, "Malam Natana'el ne?" Na ce ni ne. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya ce har yanzu gidan nan ne mai koren ƙofa, in shiga mana.

Na tsaya minti goma sha ɗaya. Na ce na tuna wani uzuri.

Ba tsoron unguwar ne ya mai da ni ba, wannan na gane shi a tsaye a wurin. Ta fito ta gaishe ni da mutunci, shi na kasa.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Hajiya, iyakar abin da na rubuta ke nan. Abin da ya sami ƙanena a rikicin ba ki da hannu a ciki, na san haka tun a ranar, kuma ban taɓa faɗa ba. Ejiofor ya yarda zai kawo miki wannan ƙunshi da hannunsa. A ciki akwai filas ɗinki, na wanke, da farin kwali biyu, da fensir a fiƙe, da ambulan mai sunana. Ga roƙona:

1. In murfin yana nan, ki kifa shi a kan kwalin ki zagaya shi da fensirin, a tsaye, kada ya kwanta. Ki yi sau biyu, kowane kwali ɗaya. Kada ki gyara komai. Ni ma ba zan gyara ba; ɗigo nawa ya nema zan ba shi.

2. Ki nuna mini inda take raba shi huɗu, da wanne ne na ɗaya, da ko ta dama ake ƙirgawa ko ta hagu.

3. Ki faɗa mini faɗin bakin ɗinkin da take bari. Ni milimita shida na sa, daga ƙasida na samo, ban tambaye ta ba.

4. Mama Abigel ta ce su za su ɗinka da'ira goma sha ɗaya. In ba zai yi miki nauyi ba, ki ɗinka ɗaya. Zan aiko da uwa huɗu da ba a taɓa farke su ba. In kuma kin fi so ki zo ki yi a kan kekenta, ƙofa a buɗe take, ni zan iya fita tsakar gida.

5. Ranar Laraba, sha shida ga Yuli, abin da ke cikin baƙar ledar nan da na ce ki koma da shi. Ki gaya mini ko abinci ne. In ba abinci ba ne, kada ki sassauta mini.

Ina roƙon amsar ta zo a rubuce, a cikin ambulan ɗin, ta hannun Ejiofor. Zan riƙa zuwa shagonsa kullum ƙarfe goma. Saura mako uku ga Hosana, ko ƙasa da haka.

Ni ne,
Natana'el Gyang, mijin Firisila.